Tambayoyi da amsoshi kan cinikin taurarin besbol a Amurka: yadda ƙungiya ke riƙe gwaninta, da yadda yake kuɓuce mata

A MLB, babbar gasar besbol ta Amurka da Kanada mai ƙungiyoyi 30, wasa na tsayawa a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, ciniki kuma ya ɗauka daga nan har zuwa Maris. Dokokin da za a ambata a nan na yarjejeniyar 2022 zuwa 2026 ne, wadda masu ƙungiyoyi suka ƙulla da ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa. Sunan New York Yankees zai yawaita, domin cikin shekara biyu ta riƙe Aaron Judge, ta kuma rasa Juan Soto.

Yaushe ɗan wasa ke samun 'yancin zaɓar ƙungiyar da yake so?

Sai ya cika shekara shida a babbar gasar, kuma kwantiraginsa ya ƙare. Kwanaki ake ƙirgawa: duk kwana 172 da sunansa ke cikin jerin 'yan wasan babbar ƙungiya, ko da yana jinya, shekara guda ke nan. A shekaru ukun farko ƙungiya ce ke yanke masa albashi, galibi dab da mafi ƙaranci, wanda ya kasance dala 760,000 a 2025. Bayan ya cika shekara uku, har zuwa ta shida, yana iya kai batun albashinsa gaban masu raba gardama. Kowane ɓangare ya miƙa adadinsa, su kuma su zaɓi ɗaya daga cikin biyun, ba a raba tsakiya.

Ƙirgen kwanakin nan ya buɗe ƙofar wayo. A 2015 Chicago Cubs ta bar Kris Bryant a ƙaramar gasa har 17 ga Afrilu, ya gama kakar da kwana 171. Kwana ɗaya tak ya ja masa ƙarin shekara guda a hannun ƙungiyar. Ya shigar da ƙorafi, bai yi nasara ba.

Haka abin yake tun asali?

A'a. Kusan shekara ɗari akwai wani sharaɗi a kowane kwantiragi da ke ba ƙungiya damar sabunta shi yadda ta ga dama, ɗan wasa bai da ta cewa. Curt Flood ya ƙi yarda St. Louis Cardinals ta tura shi Philadelphia a 1969, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, ya sha kaye a 1972. A Disamban 1975 mai raba gardama Peter Seitz ya yanke hukunci a batun Andy Messersmith da Dave McNally cewa sabuntawar shekara ɗaya ce kawai. Yarjejeniyar 1976 ce ta kawo ƙa'idar shekara shida.

Me ya bambanta wannan da cinikin 'yan ƙwallon ƙafa na Turai?

Abu uku. Tsakanin ƙungiyoyin MLB ba a sayen tauraro da kuɗin ciniki. Ɗan wasa ake bayarwa a karɓi 'yan wasa, kuma kwantiraginsa na bin sa yadda yake zuwa sabon gida. Na biyu, babu damar ƙulla magana da wata ƙungiya wata shida kafin kwantiragi ya ƙare. Tuntuɓar ɗan wasan wani kafin lokaci laifi ne da ake hukuntawa. Na uku, kwantiragin tauraro lamuni ne cikakke: ko ya ji rauni, ko hannunsa ya mutu, ko an sallame shi, sai an biya shi har sisin ƙarshe. Wannan na ukun shi ya sa ƙungiyoyi ke tsoron dogon wa'adi.

Ta yaya cinikin ke gudana bayan an gama kaka?

Washegarin wasan ƙarshe na World Series, wato jerin wasannin da ke fitar da zakaran MLB, duk wanda ya cancanta ya zama mai 'yancin kansa. Kwana biyar na farko na tsohuwar ƙungiyarsa ne: wasu na iya nuna sha'awa, amma ba maganar kuɗi, ba sa hannu. A ƙarshen kwana biyar ɗin ne ƙungiya ke yanke shawarar miƙa tayin ƙa'ida, sannan kasuwa ta buɗe wa kowa. Manajoji na taro a Nuwamba, inda wakilan 'yan wasa ke ɗanɗana kasuwa. Babban taron hunturu na farkon Disamba shi ne inda manyan cinikayya suka fi faɗawa. Atisaye na farawa tsakiyar Fabrairu a Florida da Arizona, kuma wanda ya kai lokacin bai da ƙungiya, farashinsa ya fara sauka.

Kwana biyar ɗin nan ba su cika amfanar ƙungiya ba. Wanda ya jira shekara shida don jin farashinsa a kasuwa ba zai sa hannu saura kwana uku a buɗe ta ba.

Mene ne tayin ƙa'ida, kuma yana riƙe tauraro?

Tayin shekara ɗaya ne, adadinsa matsakaicin albashin 'yan wasa 125 mafi tsada. A ƙarshen 2022 dala miliyan 19.65 ne, a ƙarshen 2024 ya kai miliyan 21.05. Ba a yi wa mutum shi sau biyu a rayuwarsa ta wasa, kuma ba a yi wa wanda aka musanyo a tsakiyar kaka.

Babu tauraron da ke karɓa, kuma ƙungiya ta san haka. Amfaninsa diyya ce: idan ya ƙi ya tafi, tsohuwar ƙungiya na samun ƙarin gurbi ɗaya a zaɓen matasan 'yan wasa na shekara mai zuwa. Ƙungiyar da ke biyan harajin wuce iyaka, wato harajin da ake ɗora wa wadda jimlar albashin 'yan wasanta ta haura wani layi, sai bayan zagaye na huɗu take samun gurbin nata, abin da bai taka kara ya karya ba. Wadda ta ɗauke shi kuwa, in ita ma mai biyan harajin ce, za ta rasa gurbinta na biyu da na biyar, da dala miliyan ɗaya daga kason ɗaukar matasan ƙasashen waje. A kan ɗan wasa irin Soto babu mai waiwayar wannan asara. Masu matsakaicin ƙarfi ne ke shan wahalarta, domin tana korar masu taya su.

Yaya Yankees ta yi ta riƙe Aaron Judge?

Ta fara da kuskure. Ranar buɗe kakar 2022, 8 ga Afrilu, manajan ƙungiyar Brian Cashman ya fito gaban 'yan jarida ya bayyana tayin da suka yi wa Judge: ƙarin shekara bakwai kan dala miliyan 213.5, wato miliyan 30.5 a shekara. Judge ya riga ya ce albarka. Fallasa adadin dabara ce ta nuna wa magoya baya cewa ƙungiya ta yi bakin ƙoƙarinta, amma Judge bai ji daɗinta ba, kuma daga baya ya faɗi hakan. Ko albashinsa na shekarar sai da aka kusa shiga gaban masu raba gardama a Yuni kafin aka daidaita kan miliyan 19.

Sai ya yi kakar da ta sauya lissafi. Ya buga hom-ron 62, wato bugun da ƙwallo ke ficewa daga fili, ya goge tarihin 61 da Roger Maris ya kafa a American League, ɗaya daga cikin rukunai biyu na MLB, tun 1961, aka kuma zaɓe shi gwanin 'yan wasan rukunin. San Francisco Giants, ƙungiyar da ya taso yana goyon baya a garinsu Linden na Kalifoniya, ta shigo da ƙarfi. Ranar 6 ga Disamba wani fitaccen ɗan jarida har ya wallafa cewa alamu sun nuna Giants zai tafi, sannan ya janye. San Diego Padres ma ta gana da shi a daren ƙarshe, rahotanni suka ce kuɗinta ya fi na kowa.

Abin da ya rufe cinikin kiran waya ne. Mai Yankees, Hal Steinbrenner, yana Italiya, ya kira Judge da kansa ya tambaye shi abin da zai sa ya zauna. Tayin Yankees a lokacin shekara takwas ne kan miliyan 320. Aka ƙara shekara ta tara, ya zama miliyan 360, da sharaɗin cewa ba za a musanya shi ba sai da yardarsa. Bayan mako biyu aka naɗa shi kyaftin, na farko tun bayan Derek Jeter.

A lura da abin da jinkirin ya jawo: daga Afrilu zuwa Disamba farashin ya ƙaru da dala miliyan 146.5. Kuma duk da haka sa'a ta taimaka, domin Judge na son zama. Abin da yake nema kawai kada a biya shi ƙasa da kasuwa sosai.

To me ya sa dabarar ba ta yi aiki a kan Juan Soto ba?

Saboda Soto ba ɗan gida ba ne, kuma shekarunsa 26. Yankees ta karɓo shi daga Padres a Disamban 2023 tana sane da cewa kaka ɗaya ta rage masa. Tun 2022 ya ƙi tayin Washington Nationals na shekara 15 kan miliyan 440, wakilinsa kuma Scott Boras ne, wanda aka sani da kai manyan 'yan wasansa kasuwa. Soto ya buga hom-ron 41, ƙungiyar ta kai World Series, Los Angeles Dodgers ta doke ta.

Yankees ta taya shekara 16 kan miliyan 760. New York Mets, ta hamshaƙin attajiri Steve Cohen, ta taya shekara 15 kan miliyan 765. A ido bambancin miliyan biyar ne, amma in aka raba da shekaru, na Yankees miliyan 47.5 ne a shekara, na Mets miliyan 51. Tayin Mets ya ƙunshi kuɗin sa hannu miliyan 75, babu jinkirin biya, da damar ficewa bayan kakar 2029. In Mets na son toshe wannan ƙofa sai ta ƙara miliyan huɗu a albashin kowace shekara cikin goman da suka rage, jimlar ta kai miliyan 805. Duk inda wakili ya duba, tayin Mets ya fi, kuma babu wani tarihi na shekaru tsakanin Soto da Yankees da zai cike giɓin.

Me ya sa rigimar ta fi yawa a kan yawan shekaru, ba albashin shekara ba?

Yawancin 'yan wasa na isa kasuwa suna shekara 29 zuwa 31, lokacin da ganiyarsu ta kusa wucewa. Ƙungiya na son biyan shekarun ƙarfi kawai, ɗan wasa kuma na son a lamunce masa har tsufa, domin a shekara 37 babu mai ba shi babban kwantiragi. Misalin da manajoji ke tsoro shi ne na Albert Pujols: Los Angeles Angels ta ba shi shekara 10 kan miliyan 240 a Disamban 2011 yana dab da cika 32, ta sallame shi a Mayun 2021 tana ci gaba da biya.

Amma tsoron ma na da farashi. Atlanta Braves ta ci World Series a 2021 da Freddie Freeman, ta tsaya kan shekara biyar, shi yana neman shida. A tsakiyar Maris 2022 ta yanke ƙauna, ta karɓo Matt Olson daga Oakland ta ba shi shekara takwas kan miliyan 168. Cikin kwanaki Freeman ya koma Dodgers kan shekara shida, miliyan 162, kuma shi aka zaɓa gwanin World Series ta 2024. Shekara ɗaya ta raba Braves da Freeman, shekara ɗaya ta riƙe wa Yankees Judge.

Tunda babu iyakar albashi a MLB, me ke hana attajirai biyan ko nawa?

Harajin wuce iyaka. A 2025 layin yana kan miliyan 241. Wadda ta haura a karon farko na biyan kashi 20 cikin ɗari na abin da ya ɗora, karo na biyu a jere kashi 30, na uku kashi 50. Akwai ƙari in aka wuce layin da miliyan 20, da 40, da 60. A matakin ƙoli, ƙungiyar da ta shekara uku tana wucewa na biyan kashi 110. Ke nan ɗan wasan miliyan 40 na iya cin ta miliyan 84 a shekara. Wadda ta wuce da miliyan 40 kuma ana mayar da gurbinta na farko a zaɓen matasa baya da mataki goma, sai fa in yana cikin shida na sama.

Ana lissafin harajin ne da matsakaicin kwantiragi, wato jimla a raba da shekaru. Shi ya sa ƙungiyoyi ke miƙe wa'adi zuwa shekara 11 ko 13 ba don suna zaton mutum zai yi wasa mai kyau a 40 ba, sai don matsakaicin ya sauka.

Mene ne jinkirta biya, kuma wa ke cin riba?

Shi ne a amince a biya wani kaso bayan shekaru. Kwantiragin Shohei Ohtani da Dodgers na Disamban 2023 shekara 10 ne kan miliyan 700, amma miliyan biyu kawai yake karɓa a shekara. Sauran miliyan 680 za a biya shi daga 2034 zuwa 2043, babu kuɗin ruwa. Tunda dalar gobe ba ta kai ta yau daraja ba, ofishin gasar ya ƙiyasta shi a kusan miliyan 46 a shekara wajen lissafin haraji. Ta wannan ma'auni kwantiragin Soto ya zarce shi nesa ba kusa ba, duk da adadin kanun labarai ya yi kusa. Ohtani ya iya yin haka ne domin kuɗin tallace-tallacen da yake samu ya ishe shi.

In akwai ruwa kuma labarin daban ne. Bobby Bonilla na bin Mets bashin miliyan 5.9 na albashin 2000, aka jinkirta da ruwan kashi 8 cikin ɗari. Tun 2011 take biyan sa kimanin miliyan 1.19 duk 1 ga Yuli, har zuwa 2035.

Ban da kuɗi da shekaru, me ake sawa a takarda?

Damar ficewa ita ce mafi haɗari ga ƙungiya. In ɗan wasa ya yi kyau ya fice ya nemi ƙari, in ya lalace ya zauna ya ci kuɗinsa. Manny Machado ya yi amfani da tasa ya sa Padres ta sabunta masa kwantiragi a Fabrairun 2023, shekara 11 kan miliyan 350. Sai sharaɗin hana musaya, wanda duk mai shekara 10 a gasar, biyar na ƙarshe a ƙungiya ɗaya, ke samu ko ba a rubuta ba. Ladan ƙwazo halal ne, amma doka ta hana ɗaura shi a kan yawan hom-ron ko makamancinsa. Sai dai yawan wasanni, yawan fitowa bugu, ko lambar yabo. Wakilai na duba harajin jiha ma: Texas da Florida ba sa karɓar harajin albashi, Kalifoniya na karɓar sama da kashi 13 daga masu babban samu.

In an ce an daidaita, magana ta ƙare?

Sai an wuce gwajin lafiya. A Disamban 2022 Carlos Correa ya daidaita da Giants kan shekara 13, miliyan 350. Ranar da za a gabatar da shi aka ɗage taron, saboda likitoci sun damu da ƙafarsa ta dama, wadda ta karye aka yi mata aiki a 2014 yana ƙaramar gasa. Cikin dare Boras ya juya ga Mets, shekara 12 kan miliyan 315. Likitocin Mets su ma suka tsaya a wuri ɗaya. A Janairu ya koma Minnesota Twins, ƙungiyar da ya baro, kan shekara shida, miliyan 200. Tambayar likitocin ba ko zai iya wasa bana ba ce, tambayarsu ko ƙafar za ta kai shekara goma. Twins ta san ƙafar, ba ta rufe ƙofa ba lokacin da ya tafi, ta samu mutuminta a kan ɗan gajeren wa'adi.

Wane lokaci ya fi dacewa ƙungiya ta ɗaure tauraronta?

Tun yana da abin tsoro. Matashin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi, rauni ɗaya na iya raba shi da arzikinsa, saboda haka yana sauraro. Braves ta ba Ronald Acuña Jr. shekara takwas kan miliyan 100 a Afrilun 2019, bai ma cika shekara guda a gasar ba. A 2023 ya zama gwanin rukunin National League yana karɓar miliyan 17, ƙasa da rabin darajarsa. Ta wani gefen, jijiyar gwiwarsa ta tsinke a 2021, ɗayar ma a 2024, kuma kuɗinsa bai girgiza ba.

Kowace shekara ta wuce, ragin na raguwa. Toronto Blue Jays ta jira har saura kaka ɗaya kafin ta daidaita da Vladimir Guerrero Jr. a Afrilun 2025, wata huɗu bayan Soto ya ɗaga kasuwa, ta biya miliyan 500 na shekara 14. Wannan farashin kasuwa ne, an dai biya shi ba tare da gwanjo ba.

In ƙungiya ta ga ba za ta iya riƙe shi ba, ta musanya shi ko ta jira?

Nationals ta ba da Soto a Agustan 2022, saura masa kaka biyu da rabi, ta karɓi matasa da suka haɗa da CJ Abrams, MacKenzie Gore da James Wood, dukkansu sun zama ginshiƙai. Angels ta riƙe Ohtani a bazarar 2023 tana fatan kai wa wasannin ƙarshe, ta rushe a Agusta, ya tafi, ta tashi da gurbi ɗaya na zaɓen matasa. Jira na da hujja ne kawai ga ƙungiyar da ke da ainihin damar cin kofi a shekarar. Musaya ma ba ta da daɗi: har yau magoya bayan Boston Red Sox ba su yafe tura Mookie Betts Dodgers a Fabrairun 2020 ba.

Ƙin tayi na taɓa juye wa ɗan wasa?

Sosai. Blake Snell ya ci lambar gwanin masu jifa ta 2023, ya jira babban kwantiragi har Maris 2024, ya ƙare da shekara biyu kan miliyan 62 a Giants. Rashin atisaye ya sa ya fara kakar da rauni da rashin kyau. Damar ficewa ce ta cece shi: ya farfaɗo a rabi na biyu, ya koma kasuwa, bai jira ba a wannan karon, Dodgers ta ba shi shekara biyar kan miliyan 182 tun a Nuwamba.

Masu ƙungiyoyi ba za su iya haɗa baki su daina taya 'yan wasan juna ba?

Yarjejeniya ta haramta, kuma sun taɓa gwadawa. Daga 1985 zuwa 1987 suka bar kowane tauraro ga tsohuwar ƙungiyarsa. Abin ya kai ga Andre Dawson ya miƙa wa Cubs takardar kwantiragi babu adadi a 1987, suka cike dala 500,000, ya zama gwanin rukuninsa a shekarar. Masu raba gardama sun same su da laifi a dukkan shekarun uku, kuma a 1990 suka amince su biya 'yan wasa diyyar dala miliyan 280.